Rahoton Ayyukan Shekara: Cigiyar Tsofaffin Shirye-shiryen Talabijin da Adana Su

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi. Ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi a shekarar da ta gabata.

Tun daga 1962 da aka fara watsa shirin talabijin a Kaduna ake nuna wasannin kwaikwayo na Hausa, amma kaɗan ne suka tsira, domin kaset yana da tsada a wancan zamani, sai a goge shirin makon jiya a ɗora sabo a kansa. Shi ya sa yawancin ƙarfinmu ya tafi wajen bin gidajen tsofaffin ma'aikatan tashoshi da iyalan 'yan wasa a Kaduna, Zariya, Kano da Jos, muna cigiyar kaset ɗin U-matic, Betacam da VHS. Mun kuma fara naɗar hira da dattawan da suka yi aikin, domin rasuwar Kasimu Yero a 2017 da ta Usman Baba Pategi, wato Samanja, a 2023, Allah ya jiƙansu, ta nuna mana cewa masu iya kallon hoto su faɗi sunan ɗan wasa da shekarar ɗauka suna ƙarewa.

Wasu membobi sun yi tambaya ko wannan wahalar za ta biya. Amsar kwamiti ita ce abin da ya faru a 2013, lokacin da aka sanar cewa Philip Morris, wani Baturen Ingila mai cigiyar tsofaffin shirye-shirye, ya gano kashi tara na Doctor Who, wani tsohon wasan kwaikwayo na talabijin ɗin BBC, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, alhali BBC kanta ta daɗe da rasa su. Idan kayan Ingila sun kwana shekaru kusan arba'in a kan kanta a ƙasarmu, babu dalilin fid da rai da namu.

Inda muka fi shan wuya shi ne adanawa. Zafi da laima suna sa fuskar kaset ta yi danƙo, idan aka saka shi a inji haka nan sai hoton ya kankare ya manne a kan injin, kuma ba ya dawowa. Mun yi irin wannan asara a cikin shekarar, da wani bawan Allah ya gwada kaset a gida da kyakkyawar niyya kafin ya kawo mana. Muna roƙon kowa: wanda ya samu kaset kada ya kunna shi, ya ajiye shi a tsaye, a busasshen wuri mai sanyi, ya sanar da sakatare.

Kuɗin wata-wata ya isa sufuri da sayen ma'ajiyar kwamfuta guda biyu, waɗanda muke ajiyewa a garuruwa daban-daban. Bai isa gyaran injin U-matic ɗinmu ba, wanda an daɗe da daina ƙera irinsa, kuma kaset suna jibge suna jiransa. Wannan ne batu na farko a babban taro mai zuwa, kuma muna fatan kowa zai halarta.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa