Amsa ga mai tambaya kan Irving Thalberg

Malam, assalamu alaikum.

A taron tattaunawa kan harkar fim da aka yi kwanakin baya, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni hujjata ta cewa Irving Thalberg ne ya ɗora furodusa a kan darakta a Holiwud, alhali ka duba finafinan da ake danganta masa ba ka ga sunansa ba. Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa nake amsa maka a rubuce, kuma a fili kamar yadda ka yi tambayar.

Ka yi gaskiya game da sunan, domin shi da kansa ya hana a rubuta shi a finafinan kamfanin Metro-Goldwyn-Mayer (MGM), inda yake jagorantar shirya fim, sai bayan mutuwarsa aka sa shi a fim ɗin The Good Earth na 1937. Amma ikonsa bai ɓoyu ga kowa ba. An haife shi a Buruklin ta birnin Niyok a 1899 da ciwon zuciya, har likitoci suka ce da wuya ya wuce shekara 30. Ya fara da aikin sakatare a wurin Carl Laemmle, mai kamfanin Universal, kuma yana ɗan shekara 20 aka damƙa masa ragamar situdiyon kamfanin a Kalifoniya. A 1922 ya kori fitaccen darakta Erich von Stroheim ana tsakiyar ɗaukar Merry-Go-Round saboda almubazzaranci, a zamanin da babban darakta ke ganin babu mai taka masa birki.

Da aka kafa MGM a 1924, Louis B. Mayer ya riƙe shugabanci, shi kuma Thalberg ya riƙe aikin shirya fim, kuma a nan ne ya kafa tsarin da nake magana a kai. Marubuta da yawa kan taru a kan labari guda, wani lokaci ma ba su san da juna ba. Idan an gama ɗauka, sai a kai fim ɗin wata sinima a garuruwan kewayen Los Anjalas a nuna wa 'yan kallo ba tare da sanarwa ba, a raba musu kati su rubuta ra'ayinsu, ana kuma lura da inda suka yi dariya da inda suka fara motsi a kujera. Bayan haka a sake kiran 'yan wasa, a sake ɗaukar wuraren da suka yi sanyi, ko darakta ya yarda ko bai yarda ba. Da wannan tsari kamfanin ya ci gaba da samun riba a shekarun karyewar tattalin arzikin Amurka, lokacin da takwarorinsa ke tafka asara.

Ban ce duk abin da ya yi abin yabo ne ba. Fim ɗin Greed na Stroheim, wanda ya haura awa takwas, an datse shi zuwa awa biyu da 'yan kai a MGM ƙarƙashin Thalberg, abin da aka yanke kuma ya salwanta har yau. Ya kuma yaƙi ƙungiyar marubutan fim da ƙarfinsa, wanda a ganina tabo ne a tarihinsa.

Ciwon huhu ya kashe shi ranar 14 ga Satumba, 1936, yana da shekara 37. Lambar girmamawar da masu Oscar ke bai wa furodusoshi tana ɗauke da sunansa, kuma Darryl F. Zanuck ne ya fara karɓar ta.

Na gode da tambayarka. Wassalam.