Godiya ga masu aikin wayarin na Sabon Layi, Gombe

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Alhaji mai shagon kayan wuta a Sabon Layi, da yaransa masu fita aikin wayarin, musamman matashin da ka turo mini gida a Pantami.

Godiyar da na yi a zaure ba ta ishe ni ba, shi ya sa na ga ya dace in yi ta a gaban jama'a. Sana'ata zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, kuma da firiza ɗaya nake riƙe da gida. Tun da muka tare a gidan nan, soket ɗin da take jone da shi a ɗakin ajiya makunnin ƙwan ɗakin yake bi. An kunna fitila firiza ta tashi, an kashe ta tsaya. Dabarar da ta rage mini ita ce in bar ƙwan a kunne dare da rana, in liƙa salatif a kan makunnin. To amma gida mai yara, wa zai tsare bango? Yaro zai shiga ɗauko tsintsiya, ya fito ya kashe wuta kamar yadda aka koya masa, ni kuwa sai da asuba in tarar ƙanƙara ta koma ruwa, kunun aya ya yi tsami. Duk wanda ya san zafin Gombe na Maris da Afrilu ya san kunun aya ba ya jiran kowa. Asarar da na yi a azumin da ya wuce, lokacin da ake ciniki, Allah kaɗai ya san yawanta.

Ba zama na yi ba. Na kira masu gyara, sun zo sun tafi. Wani ya canja makunni, ya karɓi kuɗinsa, matsala tana nan. Wani ya ce laifin firiza ne, in kai ta wurin masu gyaran firij. Da na gaya wa wani cewa jikin firizar yana ɗan jan hannu idan ƙasa da danshi, cewa ya yi ai haka firiza take, in riƙa sa silifas. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne wanda na tambaya me ya gani a cikin bangon, ya ce, "Hajiya, ko na faɗa ba za ki gane ba." Gidana, kuɗina, 'ya'yana ne ke taɓa firizar nan, amma ban cancanci bayani ba!

Da wannan gajiyar na shigo shagonku, kuma soket kawai na zo saya. Ka tambaye ni me ya sami tsohon, na faɗa maka, ka ce in ajiye kuɗina tukuna har a je a duba.

Yaronka ya zo a lokacin da aka yi alkawari. Ya yi sallama, ya gaishe ni, ya saurare ni har na gama. Da ya buɗe soket da makunni da mariƙin ƙwai, sai ya ce, "Mama, zo ki gani da idonki." Ya kashe makunnin, firiza ta tsaya, ya zura tasta a soket, sai ga ta ta kama ja. Ya ce wanda ya yi aikin farko daga wayar ƙwai ya jawo soket ɗin, sannan makunnin yana yanke wayar nutural ne, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, maimakon mai ɗauke da wuta. Ke nan ko an kashe, wutar nan mai ƙarfin bolt 230 tana zaune a bakin soket, a daidai tsayin da jikata take rarrafe. Jikina ya yi sanyi.

Ya nuna mini sauran. Wayar siririya ce mai girman murabba'in milimita 1.5, wadda aka yi don fitilu, alhali soket mai amfiya 13 yana buƙatar mai 2.5. Bayan makunnin ya yi baƙi don zafi, domin kwamfiresar firiza a lokacin tashi tana jan wuta ninkin abin da take ja idan ta daidaita, kuma yawan kashewa da kunnawa a jere yana gajiyar da ita. Wayar ƙasa kuwa, koriyar nan da ke kwashe wutar da ta zurare zuwa jikin ƙarfe, babu ita ko kaɗan. Abin da ke jan hannuna ke nan, wanda aka ce in magance da silifas.

Aikin kansa bai ɗauki lokaci ba. Ya kashe wutar gidan daga babban akwati, ya sake gwadawa kafin ya sa hannu, ya jawo sabbin wayoyi uku, ja da baƙa da koriya, a cikin bututu, ya ba soket ɗin birekarsa daban, wato abin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, ya mai da makunnin ƙwai kan wayar da ta dace. Ya duba sandar ƙarfen da aka kafa a ƙasa bayan ɗaki, ya ɗaure ta da kyau. Ya share ƙurar da ya tayar, ya ba ni rasit da ragowar waya. Kuɗin da aka faɗa mini a shago shi na biya, ko sisi bai ƙaru ba. Da na ƙara masa na mashin sai da na yi da gaske ya karɓa.

Abin da ke damuna, Alhaji, gida nawa ne a Bolari da Jekadafari da Tudun Wada ke zaune a kan irin abin da aka ciro daga bangona? Kamfanin JED iyakarsa ya kawo wuta bakin mita, abin da ke cikin gida na mai gida ne. Amma yau duk wanda ya mallaki tasta da filaya ya zama injiniya. Akwai hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, tana ba masu aikin wuta takardar shaidar ƙwarewa, sai dai wane mai gini ne ke tambayar takarda kafin ya ba da aiki? Wanda ya fi araha ake nema. Masu gidajen haya su sa a yi wayarin da mafi ƙarancin kuɗi, a shafe da siminti, ɗan haya ya shiga da iyalinsa bai san abin da ke bayan fenti ba. Kasuwa kuma ta cika da jabun waya. Yaronka ya kankare mini wani guntu da ya ciro, sai ga farin ƙarfe a ciki, jan tagullar a baya kawai aka shafa. Idan hunturu ya zo gobara ta tashi, a ce wutar lantarki ce, kamar ita ta jona kanta.

Yanzu ana kashe ƙwan ɗakin ajiya, firiza tana aikinta, na kuma daina tsawata wa yara a kan makunni. Maƙwabciyata mai markaɗe ta ce in gaya maka tana tafe, nata soket ɗin yana ƙauri.

Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya ƙara buɗi. Shi kuma yaron nan, Allah ya saka wa iyayensa da malaman da suka koya masa aiki, ya ba shi shagon kansa.

Taku,
Mai zoɓo da ƙanƙara,
Pantami, Gombe