Barka da sabuwar shekara daga garin masu jajayen riguna

Columbus, jihar Ohio
Laraba, 1 ga Janairu, 2025

Assalamu alaikum Baba da Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, ku da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Auta, da duk mutanen gida. Yaya hunturu, yaya ƙura? Ni ma ina nan lafiya lau, sai dai sanyin da ba a magana. Barkanmu da ganin sabuwar shekara, Allah ya sa mu ga ƙarshenta da rai da lafiya.

Hajiya, na ga kiranku har sau uku, ina kan hanya da fasinja shi ya sa ban ɗauka ba. Na san labarin New Orleans kuka ji a rediyo, inda wani ya afka wa jama'a da mota cikin dare ya kashe fiye da mutum goma. Ku kwantar da hankalinku. Tsakaninmu da garin ya fi nisan Kano zuwa Legas, ban ma taɓa taka shi ba. Abin dai babu daɗin ji, Allah ya kiyaye gaba. Saboda shi aka ɗage wani babban wasa da za a yi a can yau, sai gobe.

Wasan nan kuwa shi ne amsar tambayar Auta. Tun da ya ga hotona da jar riga mai babban harafin O a ƙirji yake damuna da saƙo, wai ko na bar Arsenal ne. Ban bar ta ba, Auta. Amma in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, sai ka nemi tsumma ka ɗaura. Wutsiyar mutanen Columbus ita ce ƙungiyar ƙwallon jami'ar Ohio State, kuma duk direban da bai san labarinta ba, shiru za su yi da fasinjansa har a sauka.

Suna kiranta ƙwallon ƙafa, amma da hannu ake yin kusan komai. Ta fi kama da zari-ruga. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, ƙarti sanye da hular kwano, ana ba ku dama huɗu ku ci yadi goma. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samu maki 6. Abin da zai ba Baba mamaki shi ne 'yan makaranta ne ke bugawa, amma filin jami'ar nan tamu yana cin mutum fiye da dubu ɗari, kuma cika yake yi maƙil. Baba, kun tuna daren 1996 da muka doke Ajantina 3 da 2 muka ɗauki zinare, Kawu ya fito titi da zanen barci yana ihu? To filin da aka yi wasan, a garin Athens na jihar Jojiya, na jami'ar Jojiya ne, kuma irin wannan ƙwallon aka gina shi dominta. Mu baƙi ne kawai a ranar. Masu filin su ne za su kara da jami'ar Notre Dame gobe a wasan da aka ɗage.

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, lokacin biki ne na wannan ƙwallo. Duk jami'ar da ta ci wasa shida a kaka tana iya samun gayyata zuwa wani gari, galibi inda ake da rana, ta buga wasa ɗaya na sallama. Sunan wasannin a harshensu, wato bowl, yana nufin kwano, saboda filayen zagaye suke kamar akushi. Uban su duka shi ne Rose Bowl da ake yi a Pasadena, jihar Kalifoniya, tun 1902. Wannan filin ma kun san shi: nan Baggio ya ɗaga fanareti sama a 1994, Barazil ta ɗauki kofin duniya. Yanzu wasannin sun kai wajen arba'in, kamfanoni sun saye sunayensu, har abin ya zama wasan yara. Akwai wanda in an tashi sai a juye wa kocin da ya ci bokitin mayonis a ka. Akwai wanda ake fito da ƙaton biskit mai kamar mutum, 'yan wasa su yi masa rubdugu su cinye. Na gani da idona a talabijin, kada Yaya ya ce na fara ƙarin gishiri.

Yau a gidan maƙwabcina na kalli Rose Bowl, tsohon nan da na ce muku shi ke ara mini shebur in ƙanƙara ta rufe ƙofa. Matarsa ta dafa wake da naman sa, ta yi ta jaddada mini cewa babu alade ko ƙwara. Ohio State ce da Oregon. Kafin in gama kwanon farko an yi wa Oregon 34 da nema, aka tashi 41 da 21. Wani yaro ɗan aji ɗaya, Jeremiah Smith, ya yi ta wuce su kamar an ɗaure musu ƙafa. Akwai kuma Emeka Egbuka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, duk sanda aka ambaci sunansa sai tsohon ya dafa kafaɗata kamar ni na haife shi.

Na ɗauka tsohon zai yi ta tsalle. Ya yi murna, amma da aka tashi sai ya zauna yana girgiza kai. Wai a zamaninsa, in ka ci Rose Bowl ran ɗaya ga Janairu, shi ke nan, shekara ta yi kyau, sai a dawo gida a yi ta labari har jikoki. Yau kuwa an ci, amma ba komai ba ne illa kwata fainal, saura wasa biyu. Daga nan muka shiga gardamar da duk Amurka ke yi a wannan wata, wadda na fi wata guda ina ji daga kujerar baya ta motata.

Asalin rigimar ita ce jami'o'in da ke babban mataki sun kai 134, kowace kuma wasa goma sha biyu take yi. Ba yadda za a yi kowa ya haɗu da kowa kamar firimiya. To wa ya fi? Shekaru da yawa ƙuri'a ake kaɗawa: 'yan jarida su yi tasu, masu horarwa su yi tasu. Mu mun ce ba a sarki biyu a zamani ɗaya, su kam sun yi. A 1997 'yan jarida suka naɗa Michigan, masu horarwa suka naɗa Nebraska, kowa ya tafi da rawaninsa. Daga 1998 aka ce a haɗa ƙuri'a da lissafin kwamfuta a fitar da biyu su kara. Aka yi ta zagin kwamfuta. A 2014 aka kafa kwamitin mutum 13 su zaɓi huɗu a yi sili ɗaya ƙwale, kuma Ohio State ce ta fara ɗaukar wannan kofi. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. A 2023 Florida State ta ci wasanninta 13 duka, kwamiti ya ajiye ta gefe, wai madugunsu mai jefa ƙwallo ya karye a ƙafa, ba za su iya ba. Aka ɗauki Alabama da ta taɓa faɗuwa. Ku duba fa, yara sun ci kowa, amma wasu dattawa a ɗakin otal sun ce ba su isa ba.

Bana aka buɗe ƙofa zuwa 12. Auta zai gane, don haka aka yi wa gasar zakarun Turai bana aka mai da ita 36, kuma dalilin ɗaya ne. Tashar ESPN za ta riƙa biyan kimanin dala biliyan 1.3 kowace shekara a sabuwar yarjejeniyarta. Ƙarin wasa, ƙarin kuɗi.

Ni dai ba ni da bakin kushe tsarin, don garinmu ya fi kowa cin moriyarsa. Ran 30 ga Nuwamba Michigan ta zo har gida ta doke mu 13 da 10, karo na huɗu a jere. Gabar da ke tsakanin jami'o'in nan biyu, Baba, ta wuce wasa. Mutanen nan ko sunan Michigan ba sa son furtawa. Bayan an tashi 'yan Michigan suka zo kafa tutarsu a tsakiyar fili, dambe ya kaure, sai da 'yan sanda suka fesa barkono. A daren nan na ɗauki wani magidanci da ɗansa, tun daga fili har gida ba wanda ya ce uffan, sai yaron ke jan majina. Kowa na cewa a kori koci Ryan Day. Da a bara ne, da magana ta ƙare a nan. Amma da yake gurbi 12 ne, sai suka shiga a matsayi na takwas. Ran 21 ga Disamba Tennessee ta zo nan cikin sanyin da ya sauka ƙasa da sifiri. 'Yan wasansu suka fito motsa jiki ba riga don a san su maza ne, aka ba su 42 da 17. Magoya bayansu sun cika gari da riguna ruwan lemo, kuma maganar gaskiya, a wannan ƙarshen makon na haɗa rabin abin da na turo muku.

Tsohon ya ce ai wannan shi ne ciwon. Abin da ya sa wasan Michigan yake da zafi a da shi ne wanda ya faɗi ya faɗi ke nan sai baɗi. Yanzu ka faɗi sau biyu ma kana ciki, to me ya rage wa wasannin Oktoba da Nuwamba? Na ce masa yaron da na ɗauka yana kuka bai san da wannan lissafi ba. Ya yi dariya ya ce in jira shekara goma in gani. Ban ba shi gaskiya a fili ba, amma maganar ta tsaya mini.

Inda nake ganin an yi rashin adalci ƙarara shi ne wajen Oregon. Su kaɗai ne ba a doke ba duk kakar nan, wasa 13, har mu sun ci da maki ɗaya a Oktoba. Ladan da aka ba su shi ne hutun zagayen farko, sannan aka haɗa su da ƙungiyar da kowa ke gudu. Jami'o'in an raba su rukuni-rukuni, dokar kuma ta ce hutun na huɗu ne daga cikin zakarun rukunonin, ko da akwai waɗanda suka fi su ƙarfi, shi ya sa Boise State da Arizona State suka samu. Jiya Penn State ta sallami Boise 31 da 14. Arizona State kam ta nuna jarumta yau, sai a ƙarin lokaci na biyu Texas ta sha da ƙyar, 39 da 31. Uku ke nan cikin huɗun da suka huta sun koma gida. Wasu na cewa hutun kusan wata guda ne ya sa jikinsu ya yi sanyi. Magoya bayan Alabama kuma suna can suna kumfar baki don an bar su a waje an ɗauki jami'ar SMU, wadda aka lallasa 38 da 10. Lokacin da gurbi huɗu ne na biyar ke kuka, yanzu na goma sha uku ke kuka, kuma tuni an fara zancen a mai da shi 14.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yaran. In Ohio State ta kai ƙarshe, wasa 16 ke nan na karo da ƙarti, ga karatu zai dawo cikin 'yan kwanakin nan. Sai a 2021 aka yarda ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa. Kafin nan koci na kwasar miliyoyi, yaro kuwa sai karatu kyauta da abinci. Yanzu ta juya, ana cewa tawagarmu ta bana ta lashe kusan dala miliyan 20. Wanda kuma yake hangen shiga gasar ƙwararru ba ya son ya karye a wasan da ba kofi. Ran Asabar ɗin nan madugun Miami, Cam Ward, ya buga rabin farko ya koma benci, aka ci su da maki ɗaya. Tsohon ya ce butulci ne. Ni da na san abin da ya fito da ni daga gida, na kasa ganin laifin yaron. Ƙafarsa ita ce jarinsa, kuma na tabbata akwai masu jiran saƙonsa kamar yadda ake jiran nawa.

Na cika ku da surutun ƙwallo. Hajiya, ku yi haƙuri, a garin nan yau ko gaisawa aka yi da ita ake farawa. Azumi saura wata biyu, don haka abin da na tura wa Yaya jiya, a fara sayen gero da sukari tun kafin su tashi, ragowar a biya kuɗin makarantar Auta. A cire na goron Gwaggo. Maganin hawan jinin Baba kada a bari ya yanke, in ya kusa ƙarewa a gaya mini da wuri, ba sai ya ƙare ba kamar wancan karon.

Auta, na saya maka jar rigar, tana cikin kayan da zan ba mai zuwa gida a watan gobe. Ran 10 ga wata za mu kara da Texas, kuma a jiharsu za a yi. Wajen ɗaya da rabi na dare ne agogonku, ranar kuma ka san Baba ba zai bar janareta ya kai haka ba, don haka ka yi barcinka, in ka tashi sallar asuba za ka tarar da saƙona.

A gaishe da Kawu, a tuna masa zancen zanen barci. A gaishe da liman da mutanen majalisar ƙofar gida. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku na Columbus