Gyara kan tarihin kwastan: kama kaya daban, riƙe shi daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Maƙalar da kuka buga kan tarihin kwastan ta ce tsananin hukunci ne ya karya 'yan fasa-ƙwauri a Ingila ta ƙarni na 18. Ina roƙon fili in yi gyara, domin wanda ya bi yadda aikin yake gudana zai ga matsalar ba a wurin hukunci take ba. Tana tsakanin ranar da aka kama kaya da ranar da kotu ta mallaka wa hukuma su.

Tun 1559 aka keɓe wuraren da doka ta yarda a sauke kaya a tashar Landan. Jirgi na shigowa kogi sai a ɗora masa ma'aikacin da zai kwana a ciki, kada a zare dila ko ɗaya kafin a iso. A bakin gaɓa wani ma'aikacin zai auna, ya gwada da takardar kaya, a lissafa kuɗin fito. Abin da aka kama babu fito sai a kai shi siton sarki, a yi masa kima, a shigar da ƙara, kuma mai kayan ne zai kawo hujjar ya biya. In ya kasa, sai gwanjo: a kunna guntun kyandir, wanda ya yi tayin ƙarshe kafin wutar ta mutu shi ya saya. Yawanci rabin kuɗin na baitulmali ne, rabi na wanda ya yi kamun. Duk wannan yana cin makonni, wani lokaci watanni, kayan kuwa suna zaune a ɗaki guda wanda kowa a gari ya san ƙofarsa.

Abin da ya faru ke nan a Poole, wani gari mai tashar jiragen ruwa a kudancin Ingila. A Satumba 1747 jirgin sintiri mai suna Swift, ƙarƙashin Kyaftin William Johnson, ya kama wani ƙaramin jirgi, Three Brothers, da ya taso daga tsibirin Guernsey ɗauke da ganyen shayi sama da tan guda da ganga 39 na barasa. Aka jibge su a gidan kwastan. Farkon Oktoba mutum talatin ɗauke da bindigogi, cikinsu har da 'yan ƙungiyar fasa-ƙwauri ta Hawkhurst da jagoransu Thomas Kingsmill, suka iso cikin dare. Akwai jirgin yaƙi a tashar, amma ruwa ya janye, jirgin ya yi ƙasa, bakin bindigoginsa ba sa iya saitin ƙofar. Da gatari da sandunan ƙarfe suka ɓalle ta, suka ɗora shayin a kan dawakai, suka bar barasar. Ganga tana da nauyi da ƙara. Shayi kuwa a jakar da ruwa ba ya ratsawa yake, doki ɗaya ya ɗauki na kuɗi masu yawa. A ganinsu ma ba sata suka yi ba, kayansu suka karɓo.

Abin lura shi ne dokar mai tsanani tana nan a lokacin. Tun 1746 aka ce duk ɗan fasa-ƙwaurin da aka buga sunansa a jaridar gwamnati yana da kwana 40 ya miƙa kansa, in ya ƙi hukuncinsa kisa, wanda ya kamo shi kuma ladansa fam 500. Yankin da aka kashe ma'aikacin kwastan a cikinsa zai biya tarar fam 100, in rauni aka yi masa fam 40. Duk da haka ayarin ya ratsa garin Fordingbridge da rana tsaka, jama'a sun fito kallo. Ina za a sami mai ba da shaida a garin da manomi ke ba da aron doki, mai masauki ke ba da ɗakin ɓuya, uwargida ke sayen shayin da araha?

Mutum ɗaya ya yi subul da baka. Daniel Chater, mai ɗinkin takalma, ya gane wani John Diamond a cikin ayarin, har Diamond ya jefa masa ƙunshin shayi. A Fabrairu 1748 aka haɗa Chater da William Galley, dattijon ma'aikacin kwastan na Southampton, su kai takarda wurin alƙali domin Chater ya ba da shaida a kan Diamond. Su biyu kawai, babu rakiyar soja. Suka yada zango a wani masauki a Rowlands Castle, aka ba su giya, 'yan fasa-ƙwauri suka karanta takardar suna barci. An kashe su duka bayan azaba. Gawar Chater a rijiya aka same ta. Sakacin hukuma a nan ya fi ɓalle ƙofar muni, don shari'ar gaba ɗaya a bakin mutum guda take rataye.

Gaskiya ne kisan ya juya zukatan mutane. An yi zaman kotu na musamman a Chichester a Janairu 1749, aka yanke wa mutum bakwai kisa, shi ma Kingsmill aka rataye shi a Tyburn, wurin rataya na Landan, a Afrilu. Ƙungiyar ta watse. Shayin dai ba a dawo da shi sito ba, an riga an raba, an sayar, an sha. Sana'ar kuma ta ci gaba a hannun wasu har shekara talatin da biyar, domin ribar na nan. Sai a 1784 Firayim Minista William Pitt ya sauke harajin shayi daga kashi 119 cikin ɗari zuwa 12 da rabi. Cinikin shayin da ya biya fito ya ninka fiye da sau biyu cikin ɗan lokaci, masu shigo da shi ta bayan fage suka rasa kasuwa. Giɓin kuɗin shiga kuwa da ƙarin harajin tagogin gidaje aka cike shi.

Ina fata za ku sa wannan gyara a fitowa ta gaba, musamman shekarar 1784 da maƙalar ta tsallake.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku