Ƙorafi ga kamfanin da muke hayar sabarsa

Bayan gaisuwa. Na kawo maganar nan bainar jama'a ne saboda jiya na kira layinku har sau uku, ba wanda ya ɗaga.

Daren 4 ga Maris, manhajarku mai ajiye kwafin bayanai ta cinye kason faifan da kuka ware mana, gigabait 50. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Linux, tsarin da ke tafiyar da sabar (kwamfutar da muke haya a wajenku), kan mayar da kuskure mai lamba 122, wato EDQUOT, alamar an wuce kaso. Kamata ya yi manhajar ta rubuta shi sau ɗaya, ta dakata, ta sanar da mu. Sai taku ta dinga sake gwadawa ba ƙaƙƙautawa, kowane gwaji da layinsa a cikin /var/log, inda sabar ke ajiye rahoton kurakurai. Da safe na leƙa, fayil guda ya kai gigabait 11, jimla ɗaya ce tun daga sama har ƙasa. Faifan ya cika maƙil, kuskuren ya koma lamba 28, wato babu sauran wuri, rumbun bayananmu ya tsaya cak.

Na rubuto muku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ranar 19 ga watan, ƙarfe 10:42 na safe, ma'aikacinku ya amsa da cewa: "Ku goge tarkacenku, matsalar daga wajenku take." Na ce masa fayil ɗin naku ne, ko izinin taɓa shi ba mu da shi. Sai ya rufe ƙorafin.

Wallahi abin ya yi min ciwo, don maganin ba ɓoyayye ba ne. Linux kansa yana da printk_ratelimit mai taƙaita saƙonninsa: ya rubuta saƙo 10 cikin daƙiƙa 5, sauran ya ƙirga su kawai. Akwai logrotate mai yanke fayil kafin ya kumbura. Tsarin kason ma yana da iyakar gargaɗi da wa'adin kwana 7, ga warnquota mai aika imel. Ba mu ga ko imel ɗaya ba.

Ku taƙaita rubutun kurakuran, ku raba musu wuri dabam da bayanan mutane, ku mayar mana da kwanakin da muka yi a rufe. Kuma ku gaya wa duk masu hulɗa da ku dalilin da ya sa, duk lokacin da faifai ya cika, tallan ƙarin wuri ke rigan gyara isowa.

Naku,
Abokin cinikinku na shekara huɗu