Taraktar Yaya ta yi yatsu

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya Ikko da ruwanta? Shirun nan ya yi yawa. Tun ƙaramar sallah rabon da in ji ɗuriyarka, in an kira ka sai ka ce kana cikin tasha a Apapa, ƙarar injuna ta hana ka ji. To ga takarda, ita ba ruwanta da ƙara. Akwai aiken da zan ɗora maka, amma bari in fara amayar da labarin da yake cina.

Taraktar Yaya ta yi yatsu! Massey Ferguson ɗin nan 375 mai bokiti a gaba, wadda ka ce ko a 'yan gwangwan sai an haɗa da roƙo kafin su karɓa. Shekaranjiya a gaban idona ta zura yatsunta ƙarƙashin katako, ta ɗaga buhun taki 12 cak, ta ratsa filin sito da su ta sauke a ƙofar ciki, ko buhu ɗaya bai zame ba. Wallahi sai da na yi kabbara.

Ka san matsalarmu a siton nan na hanyar Dawanau. Da damina ta kama, ƙasa ta fara tsattsafo, takin yuriya kuwa ba ya shiri da laima, sai ya dunƙule ya zama dutse, manomi ya taɓa buhu ya ce tsohon kaya ne. Shi ya sa muka sayo tsofaffin katakan falet daga wata masana'anta a Sharaɗa muke jera buhuna a kai. To amma duk lokacin da za a matsar da kaya, sai an sauke buhu ɗaya-ɗaya, a ja katako, a sake jerawa. Da na tambayi kuɗin fokilif, injin nan mai yatsu da ke ɗaga kaya, ko na hannu, sai na ja bakina na yi shiru. Ga tarakta kuma a ajiye tana shan rana in ba lokacin huɗa ba.

Yaya da farko so ya yi a ɗaure yatsun a leɓen bokitin da noti, a wuce wurin. Baba mai walda ya ƙi. Har yanzu yana nan da tabaraunsa mai ɗaurin zare, kuma ya ce in tambaye ka kuɗin ƙofar da ya yi maka. Hujjarsa ita ce, duk tazarar da kaya ya ƙara yi daga jikin tarakta, ƙarfin ɗagawarta raguwa yake, ga nauyin bokitin kansa, ga leɓen da zai lanƙwashe, kuma direba ba zai ga bakin yatsun ba don bokiti ya tare masa. Na goyi bayansa. Aka zare fil-fil ɗin, aka ajiye bokiti gefe, aka auna ramukansa aka fitar da irinsu a sabon firam.

Ƙarfen a Ƙofar Ruwa muka samo shi. Kai, tsadar ƙarfe yanzu, a bar maganar. Mun ɗauki fayif mai kusurwa huɗu mai kaurin jiki don firam, da wani da ya fi shi kauri don yatsun, tsawon kowanne ƙafa 4, wato kusan santimita 120, daidai da tsawon katakon. Sai dunƙulallen rodi wanda aka gitta a saman firam, yatsun suna rataye a jikinsa suna zamewa hagu da dama. Wannan dabarata ce, ka rubuta ka ajiye. Katakan namu iri biyu ne, akwai mai faɗin santimita 100, akwai na Turai mai 80, in aka kashe yatsun wuri guda da walda, ɗaya zai shiga ɗaya ya ƙi. Bakin kowane yatsa Baba ya yanke shi a karkace ya rufe da faranti, ya bi shi da giranda har ya yi sulɓi.

Inda aka yi dogon musu shi ne dunduniya, wato kusurwar da yatsa ya haɗu da ƙarfen da ke tsaye. Duk nauyin can yake tarewa. Baba ya saba da sandar walda 6013, ita yake yin ƙofa da taga da ita. Yaron nan nasa da ya yi makarantar koyon sana'a ya dage sai 7018, don ta fi ƙarfi kuma ba ta saurin tsagewa a wurin da ke shan jijjiga. Sai dai ba ta son laima ko kaɗan, kuma ƙaramin injin Baba ba ya riƙe ta, tana ta liƙewa. Da ka ga fuskar tsohon! Ƙarshe dai a adaidaita sahu aka kwashi ƙarafan zuwa wani gareji a Dakata mai babban inji. Na tsaya a kansu. Sai da aka fere bakin ƙarfen biyu ya yi kwari, aka cika shi layi bisa layi, kowane layi a ƙwanƙwashe ƙwanson a goge da burushin waya kafin a ɗora wani, sannan aka manna faranti mai kauri a kowane gefe.

Af, kafin in manta, angon bara ya samu ƙaruwa, mace. Ranar suna an tambaye ka, na ce kana can kana ƙirga kwantenar mutane. Kuma mai shayinmu na bakin masallaci ya tashi, wai ya koma sayar da waya a Farm Centre. Shi da ko lambar matarsa bai riƙe ba.

Ranar gwaji mun fara da buhu 10, kilo 500 ke nan tunda kowane buhu 50 ne. Lafiya lau. Sai Yaya, ka san shi, ya ce a cika 20 a ga tan guda. Yatsun ba su ce komai ba, amma ina tsaye a baya na ga tayar baya ta hagu ta saki ƙasa, har haske ya ratsa ƙarƙashinta, tayoyin gaba kuma sun baje. Direba ya yi maza ya sauke. Birkin wannan tarakta a tayoyin baya yake, in suka yi sama ba abin da zai tsayar da ita. Yanzu mun cika duro mai lita 200 da kankare, ya kusa kilo 480, mun rataye shi a maƙalar garma ta baya. Duk da haka na kafa doka: buhu 12, kaya ƙasa-ƙasa in ana tafiya, ba mai tsayawa ƙarƙashi, ba yaron da zai hau. An kuma ɗaga ragar ƙarfe a bayan firam, kada buhu ya gangaro ta kan hannuwan da ke ɗaga firam ɗin ya faɗo wa direba.

Sarkin 'yan dako ya zo kallo, hannu a baya, bai ce uffan ba. Na gane abin da ke ransa. Na ce masa tirela dai a warwatse take kawo buhuna, sauke ta da jera su a katako aikinsu ne har gobe. Ya ce Allah Ya sa. Ban ji daɗin yadda ya faɗe ta ba.

Dunduniyar nan dai ita ke hana ni sakewa. Kullum da safe sai na durƙusa na goge ta da tsumma, na haska fitilar waya ina neman tsaga ko da ta kai siririn gashi. Yatsun fokilif na gaske ai ba haɗi ba ne, ƙarfe guda ake ƙerawa a lanƙwasa da wuta a gasa shi, kai ka fi ni sani. Aiken ke nan: ka duba mana tsofaffi guda biyu a wajenku, tsawo ɗaya. Ka gwada kaurin dunduniya da na ƙarfen tsaye, in ta cinye kashi 10 cikin 100 ka bar musu abinsu, don ƙarfinta ya ragu da kusan kashi 20. Wanda aka taɓa yi wa walda ko aka huda shi ma ba ma so. In ka samu, ka ba direbobin da ke dawowa daga kai shanu, ka faɗa mini kuɗin kafin ka biya, ba bayan ka biya ba, na san halinka.

Na je gaida Hajiya ranar Juma'a, ƙafar da sauƙi, har ta ba ni dambu. Ta ce maganar 'yar gidan liman tana nan, kuma wani malamin makaranta ya fara zarya a layin da sabon babur. Ni dai na isar. Ka gaida mutanen gidanku, da ɗan Zariyan nan mai dariya.

Naka,
abokinka na Kurna