A riƙa auna manhaja kafin a yanka mata rabo a saba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana da ƴan uwana masu kula da manhajoji a ma'aikatu da kamfanoni a nan Yamai, a kan wani aiki da ake yi da gaggawa alhali yana buƙatar natsuwa, wato yanka wa kowace kwantena (ƙunshin da manhaja take gudana a cikinsa) rabonta na furosesa (mai sarrafa aiki) da na ram (ma'ajiyar wucin gadi) a gungun sabobin da ke gudana da Kubernetes, tsarin rarraba kwantenoni a kan sabobi, wanda kamfanin Google ya fitar a 2014.

Lambobi biyu ake rubuta wa kowace kwantena, buƙata da iyaka. Buƙata ita ce abin da Kubernetes yake dubawa lokacin da zai zaɓi sabar da manhaja za ta zauna, kuma da zarar an rubuta ta, an keɓe wannan wuri ke nan, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Wadata ya san wannan: idan mutum ɗaya ya biya kujera uku, mota za ta tashi da gurbi biyu babu kowa, ga fasinjoji tsaye suna jira. Haka sabuwar manhaja take rasa wurin zama a gungun da rabinsa ba ya aikin komai, sai mai kamfani ya ɗauka sabobi ne suka yi kaɗan, ya ƙara hayar wasu da kuɗin waje.

Iyaka kuwa, wato mafi yawan abin da aka yarda kwantena ta ci, hukuncinta ya bambanta tsakanin furosesa da ram. Furosesa ana auna ta ne da kashi dubu, 1000m ke nan cibiyar furosesa ɗaya cikakkiya, 250m kuma rubu'inta. Manhajar da ta cinye rabonta ba a kashe ta, sai dai Linux, tsarin da ke tafiyar da sabar, ya dakatar da ita har zagayen milisakan 100 na gaba ya zo, shi ya sa za a ga shafi yana jan ƙafa alhali saba ba ta cika ba. Ram ba ta da wannan sassauci, domin abin da aka riƙe a cikinta ba a iya jinkirta shi. Kwantenar da ta wuce iyakarta kashe ta ake yi nan take, ta fita da lamba 137.

Na ga wannan da idona a wani ofis da na yi wa aiki. Manhajar biyan albashi tana tafiya lafiya duk wata, amma ranar da aka fara lissafi sai ta riƙa mutuwa tana tashi, kowa kuma ya ɗora laifin a kan intanet, kamar yadda muka saba. Da muka bincika, sai muka tarar an kwafo iyakar ram ta 256Mi, wato megabait 256 da ɗoriya, daga wani misali na koyarwa, ba wanda ya taɓa auna abin da manhajar take ci a ƙarshen wata. Ƙari kuma, da tsohuwar Java, harshen rubuta manhaja, aka gina ta, irin wadda ba ta ganin iyakar kwantena sai girman saba baki ɗaya, matsalar da aka gyara a Java 10.

Barin gurbin lambobin babu komai ma ba mafita ba ce, domin idan ram ta yi ƙaranci a saba, manhajojin da ba su da buƙata ko iyaka suna cikin waɗanda ake fara kora. A kula kuma da haruffa: 400M megabait ɗari huɗu ne, amma 400m da ƙaramin harafi bai kai bait ɗaya ba.

Shawarata ita ce a bar manhaja ta yi aiki wata guda cur ana auna ta da Prometheus, manhajar sa ido kan aikin sabobi, har da ranakun cunkoso, sannan a rubuta lambobi. A ram, na fi son buƙata da iyaka su zo daidai, tare da ɗan rara a kan mafi girman abin da aka gani. A furosesa kuwa, a rubuta buƙata ta gaskiya, a sassauta iyaka. Inda ƙungiyoyi da yawa suke tarayya a gungu ɗaya, shugaban sashe ya sa ResourceQuota ga kowace, wato ƙa'idar da ke iyakance jimillar rabon ƙungiya, kuma a sake duba lambobin duk lokacin da aka fitar da sabon zubi na manhajar.

Na gode.

Wani mai kula da sabobi,
Yamai